Awon Tabkin Ɓaure

Talata, da hantsi

Kai da ka tsinci takardun ga kana karantawa ba da izinina ba, tsaya in tambaye ka. Ka taɓa ganin ruwan da bai wuce ƙirji ba ya haɗiye ƙato mai tsawon ƙofar zaure, mutumin da ya iya iyo tun bai iya ɗaura wando ba? In ka taɓa gani, faɗa mini inda ka gani. In ba ka taɓa ba, to zauna, mun zama mu biyu.

Sunana Ma'azu. Ɗanliti wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bara, ranar su, ranar da ake buɗe wa kowa kamun kifi, ya shiga Tabkin Ɓaure da homa, 'yar ragar su, ɗaure a kowane hannu, yana gaban layin unguwarmu, wurin da babanmu ke tsayawa lokacin yana da rai. Sai la'asar anka fito da shi. Iyakar abin da zan rubuta kan wannan rana ke nan.

Abin da anka ce bayan nan shi ne damuwata. Wai an gan shi daren jajibiri yana jan koma a tabki alhali Sarkin Ruwa bai buɗe ba, shi ya sa masu ruwa sunka riƙe shi. Wa ya gan shi? Babu mai suna. Ranar nan tare munka sauka daga Malambil da magariba, bayan shekara biyu muna dakon albasa a Benin. Tabarma ɗaya munka kwana, munsharinsa ya hana ni barci. Amma gari ya riga ya yanke: Ɗanliti ɓarawon kifi ne, ruwa ya hukunta shi.

Ranar su ta bana ta kusa. Kafin a buga ganga ina son a cire wa wana wannan suna. Ba zan yi gardama da aljanu ba, ban san yarensu ba. Ƙasan tabkin zan auna.

Laraba, bayan la'asar

Na ga yadda masu manyan jirage ke yi tun da can, a wayar wani mai cajin waya na Lolo. Igiya, nauyi a bakinta, ƙulli-ƙulli a jikinta. Ni ban yi boko ba, a jikin kwalaye da tsoffin jaridun naɗe tsire na koyi karatu, amma wannan ko jaki ya kalla zai gane.

Na samo guntun ƙarfe mai rami daga injin ban ruwan da ya mutu. Na cika ramin da kitse, don in ya taɓa ƙasa ya ɗauko mini abin da ke can, yashi ne ko laka. Na ɗauki igiyar gugan Inna na yi ƙulli a kowane kamu.

Sa'adiyya, matar Ɗanliti, ta dawo daga bakin hanya da tiren soyayyen kifinta kamar yadda ta fita da shi. Ba mai saye. Wai ba a cin kifin gidan da ruwa ya yi fushi da shi. Kifin ma na gulbi ne, daga Lolo take sarowa. Ta aje tiren ta ce, "Ƙanen miji, zo ka ci, kai dai ba ka tsoron mutuwa." Na ci uku. Ta yi dariya, sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ranar kasuwar Lolo, da azahar

Dokar tabki ita ce: daga ɗaukewar ruwan sama har ranar su, ba koma, ba jirgi, ba ƙafar mutum. Shanu kaɗai ke sha a gefen kudu. Mai tsaron dokar shi ne Sarkin Ruwa, Kawu Malami, wan Inna. Don haka na jira gari ya watse kasuwa, rana ta kori sauran cikin ɗaka.

Na kwanta bisa goran babanmu, ƙaton nan da yake su da shi, na tura da ƙafa. Na sa ɓauren bakin ruwa a bayana, giginyar tsallake a gabana, kamar yadda kowane ɗan unguwarmu ya san hanyar shiga. Hanyar nan a gefen yamma take, ita Ɗanliti ya bi. Amma na fara da gabas, don in koyi hannu. Kamu biyu, yashi. Kamu biyu da rabi, yashi da ɓawon katantanwa. Uku, laka baƙa mai wari. Duk inda na auna sai in komo gaɓa in ɗiga a bayan kwalin taliya da gawayi.

Iska na tura ni. Kafin in jawo igiya na bar inda na sake ta. Masu jiragen waya ba su faɗi wannan ba.

Juma'a, da safe

Aikin jiya ya tashi banza. Igiyar auduga ce, ta sha ruwa ta ƙanƙance, kamun da na ƙulla a bushe ba shi ne kamun da ke cikin ruwa ba. Inna kuma tana cigiyar igiyar guganta, tana zagin awaki.

Lahadi, rana tsaka

Igiyar roba yanzu. Na kuma yanko doguwar gwangwala na yi mata tsaga-tsaga, ina kafa ta a ƙasa in riƙe don kada iska ta ja ni. Na sake gabas tun daga farko. Na yi tsakiya. Tsakiyar da ake ba yara tsoro da ita, wai can ne gidan masu ruwa, kamu huɗu ne ba ƙari. Dogon mutum in ya yi ɗage hancinsa na waje.

Zafi kamar a tanda. Bayana ya saɓule. Ban je yamma ba.

Litinin, rana tsaka

Ban je yamma ba.

Laraba, bayan azahar

Na je.

Ɓaure a baya, giginya a gaba. Kamu biyu, yashi. Biyu da rabi, yashi. Uku. Uku. Na ɗaga gwangwala na kafa gaba kaɗan, kamar takin mutum guda, sai ta tafi. Ba ta taɓa komai ba. Saura kaɗan in bi ta da ka. Na saki ƙarfe, igiya ta yi ta zarewa a hannuna, ƙulli na wuce ƙulli, sai a na takwas ta tsaya. Da na jawo sai da na yi da ƙarfi, ƙasan ya riƙe shi. Kitsen ya fito da jan yumɓu mai danƙo. Duk tabkin nan ban ga jan yumɓu ba sai nan.

Na bi bakin wurin da gwangwala, ina dungurawa. Ba gangare ba ne. Ruwa in ya ci ƙasa yakan yi mata kwano, a hankali. Wannan a tsaye yake kamar bangon rijiya, kuma yana da kusurwa. Na lissafa kusurwa huɗu. Tsawonsa ya yi zaure biyu. A gefe guda har da matakala, hawa-hawa, irin wadda ake bari don mai fito da ƙasa a kai.

Aljanin da ke yanka matakala da kusurwa huɗu, lalle ya yi koyon gini.

Na daɗe kwance bisa goran a wurin. Ruwan shiru, ga 'yan tarwaɗa na tasowa shan iska. Ba abin da zan rubuta.

Alhamis, da yamma

Baffa Yero mai shanu ya gan ni ina fitowa jiya, yau ya tare ni a mashaya. Tsoho ne, da Fulatanci yake zagin shanunsa, da Hausa yake zaginmu.

"Kaɗo, kifi kake nema ko mutuwa?"

"Rami na samu, Baffa."

"To, ai ba ɓata ya yi ba."

Na ce ya yi mini bayani. Ya ce shi baƙo ne, shekararsa arba'in kacal a nan, bai san komai ba. Sannan ya faɗa mini duka. Shekarar da muna Benin, gulbi ya yi ambaliya ya kwashe katangun unguwarmu. Wannan na sani, an gaya mana a waya. Bayan ranar su ta wannan shekarar, da bazara ta yi tsanani, gefen yamma ya janye ya bushe. Unguwa ta fito da diga da amalanken shanu. Yumɓun can ba shi da na biyu wajen gini, kuma ga shi kusa. Sati da sati ana haƙa. Damina ta zo ta rufe.

"Ba a haƙa ƙasan tabki," na ce. "Doka ce, ta fi ta kifi girma."

"Haka na ji."

"Kawu ya sani?"

Ya dubi saniyarsa ya ce mata, "Ke, ji wata tambaya." Ya kaɗa su ya tafi.

Juma'a, bayan masallaci

Na ce ba zan rubuta komai kan ranar ba. Zan rubuta abu ɗaya.

Ni ban shiga ba, ƙusa ta huda mini ƙafa a tashar Malambil, ina zaune gindin ɓaure. Anka buga ganga. Layin unguwarmu ya shiga, Ɗanliti a gaba, idonsa a kan giginya, kai tsaye, yadda Baba ya koya mana. Na bayansa kuwa, tun ruwa na gwiwa, sunka karkata dama. Duka. Kamar tumaki sun ga kura. Na ɗauka kifi sunka gani. Shekara guda ina ɗauka kifi sunka gani.

Yau a masallaci na bi sahu da ido. Wanda ke damana yana cikin layin nan. Wanda ke haguna ma. Liman ya ce a daidaita sahu, kowa ya matso da kafaɗarsa ya taɓa tawa.

Daren jajibirin nan mutum nawa sunka zo yi mana barka da zuwa? Zaure ya cika. Sunka ci burodin Benin da munka kawo, sunka tambayi canjin sefa, sunka tambayi ko matan can na da kyau. Ba wanda ya ce, Ɗanliti, gobe ka bi dama.

Asabar

Zazzaɓi. Ruwan tabki ya shiga kunnena.

Litinin, da hantsi

Kawu ya aiko a kira ni. Ba bakin ruwa ba, ba zaure ba, can cikin gida, ɗakin da yake aje komarsa. Na tafi da kwalina.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana gyaran homa, bai ɗago ba.

"Ɗan Mariyamu, an ce kana wanka inda ba a wanka."

"Awo nike, Kawu."

"Awon mi? Hatsi ne?"

Na shimfiɗa kwalin gabansa. Na nuna ɓaure, na nuna giginya, na nuna ɗigon gawayi, na sa yatsa kan wurin da na zagaye. Na ce nan kamu uku, nan takwas, tsakaninsu taki ɗaya. Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya sa nasa yatsan ya ce, "Wagga kusurwa ba nan take ba. Ta fi kusa da gaɓa."

Ya janye yatsan. Shi ma ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Na ce, "Ashe Kawu ya fi ni sanin aljanin."

"Ka iya bakinka, yaro."

"Shekara guda na iya shi. An ce wana ɓarawo ne, kana zaune. Matarsa na dawowa da kifi a tire, kana zaune. Kalma ɗaya za ka faɗa."

"Ni ban taɓa cewa ya yi sata ba."

"Ba ka taɓa cewa bai yi ba."

Ya aje homar. Ya ce a al'ada duk wanda anka kama cikin ruwa kafin buɗewa, bakin tabki ake kai shi ranar su, gaban kowa, a faɗi laifinsa, shi ma ya faɗi abin da ya kai shi, kuma ba a buga ganga sai an gama. Ya ce don darajar ƙanwarsa ba zai yi mini wannan tonon silili ba, ya yafe, in tafi in ƙone kwalin. Na ce na gode da wannan babban alheri. Ya ce, "Kafin ka ƙara buɗe baki, tambayi uwarka wa ya zo nan yana kuka."

Na bar masa kwalin. Ina da wani a kaina, kuma yanzu kusurwar ta gyaru.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Inna na tankaɗe. Ban tambaye ta ba tukuna, ita ta fara.

"Auta, ka je wurin kawunka."

"Na je."

Ta ci gaba da buga rariya. Ta ce ruwa ya kwashe ɗaki uku a gidan nan. Sa'adiyya ta koma gidansu Lolo don babu inda za ta kwana. Mu muna can, waya sai an yi sa'a. Unguwa duka a rumfunan zana, damina na tafe. Wurin ɗibar ƙasa na gari ya yi nisa, kuma yashi ne, ba ya kama gini. Mata sunka ce ke ce ƙanwar Sarkin Ruwa, ke za ki je ki roƙa a ɗebi ƙasar tabki. Ta je. Ya hana. Ta sake komawa. Ya ce shi bai ji ba bai gani ba, amma a yi iyakar gwiwa, kada a wuce. Da anka taras da jan yumɓu a ƙasa, wa zai tsaya a gwiwa?

"Ɗakin da ka kwana da Ɗanliti ranar da kunka dawo, da ƙasar nan anka gina."

Na ce, "Inna, mi ya hana ki gaya mai?"

Rariyar ta tsaya. Ta ce ta ɗauka maza sun gaya masa a zaure. Ta ce magana ce da anka yi rantsuwa ba za a ƙara tada ta ba, don in ta fita sauran unguwanni za su tuɓe Kawu, su hana unguwarmu su har abada. Ta ce da safe ta bi shi har ƙofa da furarsa, maganar na bakinta, sai abokansa sunka kira shi.

"To da anka ce ɓarawo ne fa?"

Ta ce, "In ka kira sunan kawunka a bakin ruwa, nawa ka kira."

Garin ya zube a ƙasa, kaji sunka taru. Ba wanda ya kore su.

Talata

A tsakar gida na kwana. Ba na iya kallon bangon.

Laraba, da yamma

Sa'adiyya ta ce mi ke damuna, na daina cin kifinta, ko ni ma na shiga sahun masu hankali. Na gaya mata. Ban rage komai ba, har na Inna.

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗakinta, ta fito da tabarma da akwatinta ta aje ƙarƙashin rumfa. Ta ce, "Kullum sai na share gindin bangon nan na yayyafa mai ruwa." Can ta ce, "Inna ta tsufa, Ma'azu." Can kuma ta ce, "Shi ko bai samu ya tsufa ba." Ban san wanne take so in ɗauka ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Alhamis, da hantsi

Mai shela ya zagaya. Su jibi, Asabar. Baƙi sun fara sauka, daga Sharabi, daga Kamba, har 'yan Dandi na tsallaken iyaka da manyan gorunansu. Sannan ya ƙara da saƙon Sarkin Ruwa: bana an rufe gefen yamma, daga ɓaure zuwa giginya, kowa ya shiga ta gabas. An kafa sanduna da jan ƙyalle.

Na ji daɗi, wallahi na ji. Na ce ko ba komai ba wanda zai ƙara taka wurin.

Sai mai shela ya ƙarasa: an rufe ne domin masu ruwa ba su huce ba tun ɓarnar da anka yi musu bara.

Na je na duba sandunan. An kafa su daidai bakin ramin, kusurwa huɗu, ba kuskuren taki ɗaya. Da awona anka yi aikin, ko da abin da ya riga ya sani, oho. Ya tsare rayukan baƙi, ya tsare rawaninsa, ya tsare ƙanwarsa, sannan ya ɗauki nauyin duka ya ɗora wa wanda ba ya iya tashi ya yi magana. Da, raɗa ce a zaure. Yanzu da ganga anka faɗa, har mutanen Benin sun ji.

Juma'a, bayan la'asar

Inna ta kawo mini tuwo da kanta. Rabon da ta yi haka tun ina yaro. Ta zauna har na ci. Ba ta roƙe ni komai ba, da ta roƙa da ya fi mini sauƙi.

Na ce mata ba zan kira sunanta ba. Ta ce ba sai na kira ba, kowa ya san wadda ta je.

Asabar, da sassafe

Na fito da goran. Sa'adiyya ta ce za ta tsaya gindin ɓaure da tirenta.

Kafin mai ganga ya ɗaga hannu zan shiga, ido na ganin ido, ta tsakanin jajayen ƙyallayen nan, in kwanta bisa ramin. In kama ni za a yi, a kama ni gaban kowa. Yafiyar cikin ɗaki na mayar wa mai ita. Al'ada ta ce sai an faɗi laifina kuma na faɗi abin da ya kai ni kafin ganga ta yi ƙara, to a bi al'ada, ai ita ake tsaro. In an hana ni su har mutuwa, na ji. In Inna ta daina amsa gaisuwata, wannan ban san yadda zan yi da shi ba.

Kawu Malami, Sarkin Ruwan Ɓaure, kai nake kira. Ba cikin ɗakin koma ba, ba ta bakin mai shela ba. Ka tsaya bakin ruwa, gaban unguwarmu da ta karkata dama, gaban baƙin Kamba da na Dandi, gaban matarsa, gaban ƙanwarka, ka ɗaga murya yadda na ƙarshen taro zai ji: mi ke ƙarƙashin jan ƙyallen nan, kuma hannun aljan ne ya yi shi ko na mutane? Ina kan ruwa, ba zan fito ba sai ka amsa.